Takardar yayana ta ce “BCR-ABL positif”: gado ne, kuma zai iya daina shan magani?

Wani malamin makaranta daga Tawa ya rubuto cewa yayansa, mai shekara 41, ya daɗe yana fama da kasala da rama da zufan dare, ga nauyi a gefen hagu na cikinsa. An sha yi masa maganin masassara ba a dace ba. Da aka tura shi Yamai aka auna jininsa, sai aka ce sankarar jini ce wadda likitoci ke taƙaita sunanta da LMC, takardar awo kuma ta fito da “BCR-ABL positif”. Aka ɗora shi kan ƙwayar imatinib kullum. Yanzu wata huɗu ke nan, ya murmure, har ya koma kasuwa. Malamin yana son ya san mene ne BCR-ABL, ko ƴaƴan yayan nasa za su gada kamar yadda ake gadon amosanin jini, da kuma ko zai iya barin maganin tunda ya samu sauƙi.

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Yaya lafiya mai ɗorewa. Aikina duba masu cututtukan jini ne a nan Yamai, kuma zan fara da tambayarka ta ƙarshe domin ita ce ta gaggawa: kada ya daina shan maganin nan, ko na mako guda, sai da izinin likitan da ke bin lafiyarsa. Sauƙin da ya samu aikin ƙwayar ne, tushen ciwon yana nan cikin ɓargo. Na lura mutane sun fi riƙe magani da kyau idan sun fahimci abin da yake yi, shi ya sa zan yi maka bayanin tun daga tushe, kai kuma ka isar wa Yaya.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai zaren gado mai suna DNA naɗe cikin ƙunshi 46, bibbiyu har kashi 23, waɗanda ake kira kuromozom. An ba su lambobi daga 1 zuwa 22, sai biyun da ke bambanta namiji da mace. A jikin zaren nan akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace ɗauke da umarnin yadda za a ƙera wani furotin. Furotin su ne ke yin aikin jiki: wani ya ɗauki iskar da muke shaƙa cikin jini, wani ya narkar da abinci, wani ya kai saƙo.

Cikin masu kai saƙon akwai dangin anzim (furotin masu hanzarta haɗe-haɗen sinadarai a jiki) da ake kira kinaz. Aikinsu ɗaya ne tak. Akwai wani sinadari mai suna ATP wanda ƙwayoyin jiki ke samun ƙarfi daga gare shi; kinaz yana ciro ɗan guntun fosfat daga ATP ya manna shi a jikin wani furotin. Da zarar an manna, furotin ɗin ya sauya siffa, ya tashi aiki ko ya tsaya. Wasu anzim dabam kuma su zo su cire fosfat ɗin, komai ya koma yadda yake. Da wannan mannawa da cirewa ƙwaya ke sanin lokacin da za ta rabu biyu, lokacin da za ta dakata, da lokacin da ya kamata ta mutu ta ba sabuwa wuri. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka gano haka a shekarun 1950 a Amurka, suna nazarin yadda tsoka ke fito da sukarin da ta adana, aka ba su kyautar Nobel a 1992. A 2002 aka ƙirga kinaz 518 a jikin ɗan Adam. Kusan 90 daga cikinsu suna manna fosfat ne a kan wani amino asid (ɗaya daga tubalan da ake gina furotin da su) mai suna tirozin. Wurin da insulin ke sauka a jikin ƙwaya ma ɗaya ne daga cikin waɗannan 90, don ka ga cewa abu ne da kowane mai lafiya ke aiki da shi dare da rana.

Kinaz ɗin da ya shafi Yaya sunansa ABL. Ƙwayar gadon da ke ƙera shi, ABL1, tana wajen ƙarshen dogon hannun kuromozom na 9. Ta samo sunanta daga Herbert Abelson, wanda a 1970 ya gano wani bairos da ke jawo wa ɓeraye sankarar jini. Daga baya aka gane bairos ɗin ya kwaso wannan ƙwayar gado ce daga jikin ɓera. Ni da kai duk muna da ABL, kuma yana mana amfani: yana taimakawa idan DNA ta samu rauni, yana da hannu a siffar ƙwaya da motsinta. Abin da ya kamata ka riƙe game da shi shi ne yana kulle kansa da kansa. Bakin furotin ɗin yana lanƙwasowa ya cusa ɗan jelar kitse cikin wani rami a jikin ɓangaren da ke aiki, sai anzim ɗin ya zauna shiru. Ba ya buɗewa sai an aiko da saƙo, ya gama kuma ya koma ya rufe.

Abin da ya faru ga Yaya shi ne, wata rana, cikin ƙwaya ɗaya tal daga iyayen ƙwayoyin da ke haifar da jini a ɓargo, kuromozom na 9 da na 22 suka karye, wajen gyara kuma aka yi musaya: guntun 9 ya manne a 22, guntun 22 ya koma 9. Karayar ta 9 ta faɗa cikin ABL1, ta 22 kuma ta faɗa cikin wata ƙwayar gado mai suna BCR. Sai kan BCR ya haɗe da gangar jikin ABL1, aka samu sabuwar ƙwayar gado da babu ita a jikin mai lafiya. Ita ce BCR-ABL ta cikin takardarku, “positif” kuma na nufin an same ta. Furotin ɗin da take ƙerawa ya rasa bakin nan da ke kulle shi, domin a wurin aka yanke. Ɓangaren BCR da ya maye gurbin kuma yana sa furotin ɗin su riƙa cuɗewa da juna suna tayar da juna. Sai aka wayi gari da kinaz mai manna fosfat ba dare ba rana, yana gaya wa ƙwaya ta yi ta rabuwa kuma kada ta mutu.

Ka ɗauka moto ce totur ɗinta ya maƙale a buɗe. Injin lafiyarsa lau, ƙarfinsa ma ya yi yawa, amma ba ya jin hannun mai tuƙi. ATP shi ne man da yake sha. Riƙe wannan misalin, zan dawo gare shi idan mun zo kan magani.

Ƙwayar nan ɗaya ta hayayyafa har zuriyarta ta mamaye ɓargo. Mai lafiya yana da fararen ƙwayoyin jini tsakanin 4,000 da 10,000 a ma'aunin da ake rubutawa a takardar awo. Mai LMC yakan zo da fiye da 100,000. Duk alamun da ka lissafa daga nan suke. Saifa ce ke cika da waɗannan ƙwayoyi ta kumbura, shi ne nauyin gefen hagu, kuma ita ke danne tumbi har mutum ya ƙoshi da loma kaɗan. Ƙera ƙwayoyi masu yawa haka yana cinye ƙarfin jiki, sai rama da zufa. Jajayen ƙwayoyi kuma su rasa wuri, sai kasala. A ƙasarmu da masassara ke kumbura saifar mutane da yawa, ba abin mamaki ba ne a fara zargin ta. Abin da ke damuna shi ne watannin da ake ɓatawa ana tsaga da ƙaho a kan saifa, alhali ƙirgar ƙwayoyin jini, awon da ake yi a manyan asibitocin jihohi, tana iya nuna hanya a yini guda.

An yi shekaru arba'in ana tono wannan labari. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani kuromozom gajere a jinin masu LMC, aka sa masa sunan birnin da suke aiki, Filadelfiya. Idan ka ga “Philadelphie” ko “Ph+” a wata takardar Yaya, maganar ɗaya ce. A 1973 Janet Rowley ta jami'ar Shikago ta nuna cewa gajartar musaya ce tsakanin 9 da 22. A shekarun 1980 aka gano ƙwayoyin gadon biyu da suka haɗe. A 1990 aka saka BCR-ABL cikin ɓargon ɓeraye masu lafiya suka kamu da irin wannan ciwo, abin da ya tabbatar cewa ita kaɗai ta isa ta haddasa shi.

Yanzu batun gado. Ƴaƴansa ba za su gada ba, kuma shi ma bai gada daga kowa ba. Na san abin da ya tayar maka da hankali: ka ji an ambaci ƙwayar gado, mu kuma a Nijar ciwon jinin da muka fi sani shi ne amosanin jini. Amma hanyarsu dabam ce. A amosanin jini, sauyin yana cikin ƙwayar gadon da ke ƙera hemogulobin (furotin mai ɗaukar iska a jajayen ƙwayoyin jini) a kuromozom na 11, yaro yana karɓar sa daga uwa da uba tun ranar da aka ɗauki cikinsa, saboda haka yana cikin kowace ƙwaya ta jikinsa, har da waɗanda zai haihu da su. Karayar da ta samu Yaya kuwa ta faru ne bayan ya girma, cikin ɓargo kawai. Babu ita a fatarsa, babu ita a maniyyinsa. Ba a buƙatar auna ƴaƴansa ko kai da sauran ƙannensa saboda wannan. Ba a ɗaukar ciwon ta cin abinci a kwano ɗaya, ko ta kwanciyar aure. Ba wani abin da ya ci ko ya aikata ya jawo masa, ba kuma hannun wani ba ne. Ina roƙonka ka faɗi wannan a gida da babbar murya kafin zargi ya shiga tsakanin dangi. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarin kamuwa shi ne tururin nukiliya mai yawa, irin wanda ya samu mutanen Hiroshima da Nagasaki a 1945. Ga mafi yawan marasa lafiya, kuskure ne kawai da ya auku wajen rabuwar ƙwaya. Ciwon yana kama mutum ɗaya zuwa biyu cikin 100,000 a shekara. A Turai an fi ganin sa ga waɗanda suka kai sittin ko suka kusa, a Afirka kuwa masu shi sukan zo suna wajen shekara arba'in, kamar Yaya.

Kafin imatinib, ciwon nan yana da tafarki sananne. Mutum zai yi shekara uku zuwa biyar a mataki na farko mai sauƙi, sai ya rikiɗe ya zama sankarar jini mai zafi, wadda ɗanyun ƙwayoyi ke cika jini, mutum ya rasu cikin watanni. An gwada busulfan, an gwada hidroksiyuriya (wadda masu amosanin jini ma ke sha), an gwada allurar intaferon. Hidroksiyuriya tana sauke yawan fararen ƙwayoyi, har yau muna amfani da ita na ɗan lokaci kafin a samu imatinib, amma ba ta hana rikiɗewar. Dashen ɓargo ne kaɗai ke warkarwa, shi kuma yana da haɗari da tsada, kuma sai an samu wanda ɓargonsa ya dace.

A shekarun 1990 masu bincike a kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan, wanda ya zama Novartis, ƙarƙashin Nicholas Lydon, tare da wani likita a Amurka, Brian Druker, suka nemi sinadarin da zai shiga ramin da ATP ke zama a jikin ABL ya toshe shi. Mutane da yawa sun ce ba zai yiwu ba, domin duk kinaz ɗin jiki suna da irin wannan rami, wanda ya toshe ɗaya zai toshe sauran ya kashe mutum. Sai aka dace imatinib yana kama ABL ne a lokacin da yake wata siffa ta rufe da ba ta yi kama da ta yawancin ƴan'uwansa ba. An fara gwaji kan mutane a 1998. Cikin marasa lafiya 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, jinin 53 ya daidaita. A watan Mayu na 2001 Amurka ta amince da shi, ana sayar da shi da sunan Glivec. Babban binciken da ya bi masu shan sa ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara goma. A yau wanda ya fara da wuri, ya sha yadda ya kamata, kuma maganin ya karɓe shi, tsawon ransa yakan kusa da na sauran tsaransa.

To, mu koma ga moton nan. Imatinib matse tiyon mai yake yi. Injin ya yi shiru, ƙwayoyin da suka dogara da rurinsa su mutu, masu lafiya su sake cika ɓargo. Amma totur yana nan a maƙale. Maganin bai mayar da guntun 9 wurinsa ba, kuma akwai ƴan iyayen ƙwayoyi masu BCR-ABL da ke kwance cikin ɓargo suna barci, maganin ba ya kashe su. Ranar da aka saki tiyo, mai ya koma.

Shi ya sa jin daɗin jiki ba ma'auni ba ne. Sauƙi hawa-hawa yake. Na farko, ƙirgar jini ta daidaita, saifa ta koma, yawanci cikin wata uku. Nan Yaya yake, ina zato, kuma a wannan matakin sauran ƙwayoyi masu ciwo a jiki suna da yawan gaske. Sai a daina ganin kuromozom na Filadelfiya a ɓargo. Sai kuma awon PCR, wanda ke ƙirga saƙon BCR-ABL a jini ya ba da shi a kashi cikin ɗari. Abin da muke so shi ne ya sauka zuwa kashi 10 ko ƙasa a wata uku, kashi 1 a wata shida, 0.1 a shekara. Tunda Yaya ya wuce wata uku, ka tambayi likitansa ko an yi wannan awo, in ba a yi ba a ina za a iya yi. Akwai hanyar yin sa da na'urar GeneXpert, irin wadda ake auna tarin fuka da ita, idan an samu kayan awon BCR-ABL.

Tsallake kwanaki ma yana da illa, kusan kamar dainawa. Wani bincike a asibitin Hammersmith na Landan, wanda aka buga a 2010, ya nuna waɗanda ke shan kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsu ko ƙasa da haka ba kasafai suke kaiwa ga sauƙi mai zurfi ba. Kashi goma ɗin nan kwana uku ne kacal a wata. Kuma duk lokacin da aka bar ƙwayoyin ciwo suna hayayyafa, ana ba su damar yin sabon sauyi a BCR-ABL. Mafi sharri shi ne wanda ake kira T315I: amino asid na 315, wanda ke bakin ramin da magani ke shiga, ya sauya daga tireyonin zuwa isolusin mai girma, sai imatinib ya rasa wurin kamawa, ATP kuwa ya ci gaba da shiga. Akwai magungunan da suka biyo baya, dasatinib a 2006, nilotinib a 2007, amma su ma T315I ta fi ƙarfinsu. Ponatinib na 2012 yana iya mata, haka asciminib na 2021, wanda ke shiga ramin jelar kitsen nan ya mayar da makullin da ya ɓace. Sai dai duk sun fi imatinib tsada da wuyar samu a nan. A ganina, ga ɗan Nijar, kiyaye imatinib ya ci gaba da aiki shi ne babban jari.

Ban ce ba a taɓa dainawa ba. Wani bincike a Faransa da aka buga a 2010 ya dakatar da maganin ga waɗanda BCR-ABL ta ɓace daga awonsu na tsawon shekara biyu ko fiye. Kusan kashi 40 suka zauna lafiya ba magani, sauran ciwon ya dawo musu, yawanci cikin wata shida, aka mayar da su kan ƙwaya suka sake samun sauƙi. Sharuɗɗan a yau su ne mutum ya yi aƙalla shekara uku yana sha, an fi son biyar, awonsa ya zauna a 0.01 ko ƙasa na shekara biyu, kuma a iya yi masa PCR kowane wata bayan dainawa. Wanda ba shi da halin wannan awon wata-wata bai kamata ya gwada ba. Ga mai wata huɗu, maganar ba ta taso ba tukuna.

Ga wasu abubuwa na yau da kullum. Yawanci miligiram 400 ake sha sau ɗaya a rana, tare da abinci mai nauyi da babban kofin ruwa, don rage tashin zuciya. Yakan kumbura fatar ido da safe, ya kawo ɗaurewar jijiya a ƙafa, ko gudawa, ko ƙuraje. A faɗa wa likita, akwai dabarun sauƙaƙa su, kada a yanke magani a gida. Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mutanenmu ba: imatinib yana taɓa wani kinaz mai suna KIT wanda ke da hannu a launin fata, saboda haka baƙin mutum yakan yi haske. Ba cuta ba ce, ba kuma man shafawa yake yi ba, ku sanar da iyali kafin tsegumi ya sa ya ajiye ƙwayar. Idan aka ce za a ba shi maganin tarin fuka, lalle a ambaci imatinib, domin rifamfisin yana sa hanta ta ƙone shi da sauri har ya rasa ƙarfi. Haka wasu magungunan farfaɗiya kamar fenobarbital da karbamazefin. Ya guji jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, domin hanta ce ke ɗaukar nauyin maganin. A duba ko yana da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu, don yakan farka ga mai shan wannan magani. Da azumi, tunda sau ɗaya ne a rana, da yawa suna mayar da shi bayan buɗa-baki, amma likita ne zai duba jininsa ya ce ko jikinsa zai ɗauki azumin. Namiji mai shan imatinib yana iya haihuwa. Mace ce bai kamata ta ɗauki ciki tana sha ba, don yana iya nakasa ɗan tayi, sai an tsara da likita.

Na san tafiyar Tawa zuwa Yamai ta fi kilomita 500, ga kuɗin mota da na masauki. Ku tsara yadda ƙwaya ba za ta ƙare a hannu ba: a nemi ta gaba tun saura ta mako biyu, a riƙa yin ƙirgar jini a Tawa ana aika wa likita hoton takardar ta WhatsApp idan ya yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba tun 2015, akwai samfurin Indiya mai rahusa, kuma wata ƙungiya mai suna The Max Foundation tana raba shi kyauta a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ta hannun likitocin jini. Ku tambayi likitansa hanyar da ta fi muku sauƙi, kuma kada ku saya a wurin masu tallar magani a kasuwa.

Idan Yaya ya ga zazzaɓi da ya ƙi sauka, ko jini daga dasashi ko hanci, ko tabon jini a fata ba tare da ya bugu ba, ko ciwon ƙashi mai tsanani, ko saifar ta sake fitowa, ko idonsa ya yi rawaya, kada ya jira ranar da aka ba shi. Ya je asibiti a ranar a ƙirga jininsa, ya tafi da duk takardunsa da kwalin maganin da yake sha.